DALLA-DALLA: Yadda gwamnati da masu inshora ke son kowane majinyaci ya samu 'asibitin gida' a kudancin birnin Kaduna

Daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, daga Barnawa zuwa Gonin Gora, ba a rasa wurin neman magani. Akwai kemis a kusan kowane lungu, akwai asibitocin kuɗi manya da ƙanana, akwai na mishan, ga kuma na gwamnati. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wuri guda da ya san majinyaci, yake riƙe da tarihin ciwonsa, yake kuma bin sawunsa idan an tura shi gaba. Mai hawan jini kan karɓi magani a kemis yau, gobe ya je asibitin kuɗi, jibi ya kwanta a babban asibiti, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ya san abin da ɗan'uwansa ya ba shi.

Wannan giɓi ne gwamnatin tarayya da ta Jihar Kaduna da hukumomin inshorar lafiya suka shafe fiye da shekara goma suna ƙoƙarin cikewa, ta hanyar dokoki da asusu da gyaran asibitocin mazaɓu. Ga bayanin tsarin, da inda ya samo asali, da yadda kuɗinsa ke tafiya, da wuraren da yake ɗingishi a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna.

Mene ne 'asibitin gida'?

Asibitin gida ba wani sabon gini ba ne. Yarjejeniya ce tsakanin mutum da asibiti ɗaya na matakin farko, wadda a ƙarƙashinta asibitin ke ɗaukar nauyin lafiyarsa, ko yana ciwo ko ba ya yi. Wata likitar yara 'yar Amurka, Barbara Starfield, wadda ta yi fice wajen nazarin kiwon lafiya a matakin farko, ta taƙaita siffofin irin wannan asibiti zuwa huɗu. Na farko, shi ne ƙofar da majinyaci ke fara ƙwanƙwasawa. Na biyu, hulɗar ta ɗore shekara da shekaru, ba a yanke ta da zarar zazzaɓi ya sauka ba. Na uku, asibitin ya iya biyan mafi yawan buƙatun yau da kullum, kamar rigakafi da awon ciki da haihuwa da maganin zazzaɓin cizon sauro da duba hawan jini da ciwon suga. Na huɗu, idan ciwo ya fi ƙarfinsa, shi ne zai tura mutum gaba, ya kuma karɓe shi idan ya dawo, tare da bayanin abin da aka yi masa.

Siffa ta huɗu ita ce ake nufi da haɗa kan jinya, kuma ita ce mafi wuyar samu. Gina asibiti aikin ɗan kwangila ne na 'yan watanni. Sa asibitoci biyu su riƙa magana da juna a kan mutum ɗaya kuwa, aiki ne na ma'aikata da takardu da kuɗi da ke buƙatar kulawa kowace rana.

Inda tunanin ya samo asali

A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ce ta fara amfani da wannan suna a 1967, domin yaran da ke fama da ciwon da ke sa su zagaya likitoci da yawa, a samu wuri guda da za a tara bayanansu. A 2007 manyan ƙungiyoyin likitoci huɗu na ƙasar suka amince da ƙa'idoji na bai ɗaya, daga nan gwamnatocin jihohi da kamfanonin inshora suka shiga. Jihohin North Carolina da Vermont sun yi suna wajen biyan asibitoci ƙarin kuɗi a kan kowane mutum duk wata domin su riƙa bin diddigin majinyatansu, kamfanin Blue Cross Blue Shield na Michigan ma ya bi sahu. Dokar lafiya ta Shugaba Barack Obama ta 2010 ta ƙara wa tsarin ƙarfi. A Ingila kuwa, tun kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, mutum kan yi rajista da likitan unguwarsa, kuma ta hannunsa ake zuwa ga ƙwararre.

Najeriya ta shigo ta wata ƙofar daban. A watan Satumbar 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka ayyana kiwon lafiya a matakin farko a matsayin ginshiƙin lafiya ga kowa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗora tsarin a kan ƙananan hukumomi, ya fara da guda 52 a matsayin gwaji. A 1992 aka kafa hukumar NPHCDA mai kula da wannan mataki a ƙasa baki ɗaya. Daga baya aka mayar da mazaɓa, wato yankin da ke zaɓen kansila ɗaya, ta zama ma'aunin raba asibitoci. Don haka a Najeriya, asibitin mazaɓa shi ne wanda aka ɗora wa aikin zama asibitin gida.

Taswirar jinya a tsallaken kogi

Ƙananan hukumomi biyu ne suka raba unguwannin kudancin birnin. Kaduna ta Kudu, mai hedikwata a Makera, tana da mazaɓun Makera da Kakuri Hausa da Kakuri Gwari da Barnawa da Television a wannan ɓangare, yayin da sauran mazaɓunta, irin su Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badiko, ke arewa da kogi. Chikun, mai hedikwata a Kujama, ita ke da Sabon Tasha da Narayi da Nasarawa da Unguwar Yelwa da Rido, har zuwa ƙauyuka masu nisa kamar Gwagwada da Kuriga.

Tarihin wannan yanki tarihin masana'antu ne. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, sai UNTL da Arewa Textiles da sauransu suka biyo baya. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai kuma a 1980. Manyan ma'aikatu irin waɗannan kan tanadar wa ma'aikatansu wurin shan magani, inda ake da katin ma'aikaci da tarihin ciwonsa. A taƙaice, dubban leburori sun taɓa ɗanɗana wani nau'i na asibitin gida ta hanyar aikinsu. Da masaƙu suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, albashi ya tafi, katin asibiti ya bi shi. 'Ya'yan waɗancan ma'aikata su ne yau ke tuƙa Keke Napep, suke ɗinki da walda da sayar da kaya a kasuwannin Kakuri da Sabon Tasha, ba tare da wani ubangida da zai cire masu kuɗin inshora daga albashi ba.

Rikicin 2000 da na 2002 ya sauya zaman birnin, mutane da dama suka yi ƙaura zuwa inda suke ganin sun fi samun kwanciyar hankali, unguwannin kudu suka cika suka batse. A shekarun baya-bayan nan hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Chikun da Kajuru sun ƙara turo iyalai zuwa gefen gari. Mutumin da ya baro ƙauyensa da daddare ba ya tahowa da katin rigakafin ɗansa.

A mataki na biyu, yankin na da Babban Asibitin Dakta Gwamna Awan da ke Kakuri da Babban Asibitin Sabon Tasha, dukkansu na jiha, sai asibitin Saint Gerard na Cocin Katolika a Kakuri. A Barnawa akwai asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa. Amma asibitin koyarwa na jiha, wato Barau Dikko, yana arewa da kogi, haka ma asibitin sojoji na 44 da cibiyoyin ido da kunne na ƙasa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa yana Shika, kusa da Zariya. Ma'ana, duk ciwon da ya yi tsanani sai ya haye gada, kuma kowace gada tana da kuɗin mota da cunkosonta.

Dokokin da suka aza tubali

Kafin 2011, asibitin mazaɓa bawa ne mai iyayengiji da yawa. Ƙaramar hukuma ke biyan albashi, ma'aikatar ƙananan hukumomi ke riƙe da kuɗi, hukumar ma'aikatan ƙananan hukumomi ke ɗauka da sauyin wurin aiki, ma'aikatar lafiya kuma ke tsara manufa. Idan magani ya ƙare, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa. A 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da manufar tattara kiwon lafiya na matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, wato kowace jiha ta kafa hukuma guda mai riƙe da ma'aikata da kuɗi da tsari.

Sai Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a 2014. Sashe na 11 na dokar ya kafa asusun BHCPF, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta raba kuɗin kamar haka: kashi 50 ya bi ta hukumar inshora domin biya wa mutane jinyar yau da kullum, kashi 45 ya bi ta NPHCDA domin magunguna da rigakafi da gyaran gini da kayan aiki da ma'aikata, kashi 5 kuma na jinyar gaggawa ne. Asusun bai shiga kasafin kuɗi ba sai a 2018, lokacin da aka ware masa kimanin naira biliyan 55. Sashe na 20 na dokar kuma ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar majinyacin da ke cikin halin gaggawa, ko da wane dalili.

A ɓangaren inshora, an kafa NHIS da doka a 1999, ta fara aiki a 2005, amma ta tsaya kusan kacokan a kan ma'aikatan gwamnatin tarayya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na maza da mata masu shekara 15 zuwa 49 ke da inshorar lafiya. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbin NHIS da NHIA, ta wajabta inshora a kan kowane mazaunin ƙasa, ta kafa asusun marasa galihu, ta kuma mayar da hukumomin jihohi su zama hanyar isa ga jama'a. A watan Disambar 2023, ƙarƙashin Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, tarayya da gwamnoni suka rattaba hannu kan yarjejeniyar ninka yawan asibitocin da ke cin gajiyar BHCPF, daga kimanin 8,800 zuwa sama da 17,000.

Abin da Jihar Kaduna ta yi

Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. A 2015 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi dokar da ta tattara asibitocin matakin farko a hannun hukuma ɗaya ta jiha, sannan ta zaɓi asibiti ɗaya a kowace mazaɓa domin gyarawa. A 2016 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin General Electric domin sanya kayan aiki a waɗannan asibitoci 255 da manyan asibitoci 23. Dakta Hadiza Balarabe, wadda ta zama mataimakiyar gwamna a 2019, ita ce ta jagoranci hukumar a wancan lokaci. Gwamnatin Sanata Uba Sani, wadda ta hau a watan Mayun 2023, ta ci gaba da shirin, da alƙawarin ɗaga darajar asibitocin mazaɓun su iya karɓar haihuwa dare da rana.

A 2018 jihar ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wato KADCHMA. Tana tara kuɗi daga hanyoyi uku: abin da ake cira daga albashin ma'aikatan gwamnati, abin da masu sana'ar kansu ke biya duk shekara, da kuma kuɗin da gwamnati ke zubawa a madadin marasa galihu, haɗe da kason BHCPF. Duk wanda ya yi rajista zai zaɓi asibiti ɗaya daga cikin waɗanda hukumar ta tantance, na gwamnati ko na kuɗi, ya zama nan ne ƙofarsa ta farko. Wannan zaɓi shi ne zuciyar tsarin baki ɗaya.

Akwai kuma hukumar KADHSMA mai saye da rarraba magunguna ga asibitocin jihar. A 2021 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Zipline domin kai magani da jini da allurar rigakafi da jirage marasa matuƙa, daga cibiyarsa da ke Pambegua.

Yadda kuɗin ke tafiya

Yadda ake biyan asibiti shi ke tsara halinsa, don haka wannan ɓangare ya cancanci a fahimce shi sosai. Hanyoyi uku ake bi.

Ta farko ita ce kuɗin kai. Hukumar inshora na ba asibitin matakin farko wani adadi ƙayyadadde duk wata a kan kowane mutum da ya zaɓe shi, ko ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya an shafe shekaru ana biyan naira 750 a kan kowane kai, kafin a ƙara a 2024 da 2025. A lissafin misali, asibiti mai mutum 2,000 a kan wancan farashi zai karɓi naira miliyan ɗaya da rabi a wata, kuma daga ciki zai yi wa duk wanda ya zo magani. Hikimar ita ce, asibitin zai ga ribarsa na cikin lafiyar mutanensa. Gara ya gano hawan jini da wuri, ya ba da ƙwaya mai araha, da ya jira mutum ya riƙa dawowa kowane mako. Illarsa kuma a fili take: idan kuɗin ya gaza, asibiti zai iya rage magani, ko ya riƙa tura mutane gaba don ya sauke nauyi.

Ta biyu ita ce biya gwargwadon aiki, wadda ake amfani da ita a manyan asibitoci. Idan asibitin mazaɓa ya tura mai naƙuda domin tiyata, sai a nemi lambar izini daga hukumar inshora, a yi aikin, sannan babban asibiti ya aika da takardar neman kuɗi. Lambar izinin na hana almundahana, amma idan ta yi jinkiri, majinyaci ne ke kwance yana jira.

Ta uku ita ce kuɗin gudanarwa da ke shiga asusun bankin asibitin mazaɓa kai-tsaye daga BHCPF, duk wata uku. A shekarun farko adadin ya kai kimanin naira 300,000 a kowane zango. Da shi ake sayen man janareta da sabulu da gyaran famfo da ƙananan kayan aiki. Ba shugaban asibiti kaɗai ke da iko da shi ba, domin tsarin ya tanadi kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ya ƙunshi mutanen unguwa, ya sa hannu a tsara yadda za a kashe shi.

Tafiyar majinyaci a kan takarda

A ɗauki misalin mai juna biyu da ke zaune a Narayi. Bisa tsari, za ta yi rajista, ta zaɓi asibitin mazaɓarta, ta fara awo tun cikin yana ƙarami. A nan za a auna jininta, a duba fitsari, a ba ta maganin ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Idan ungozoma ta ga jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura, za ta rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti, ta bayyana abin da ta gani da abin da ta bayar. Bayan haihuwa, babban asibitin zai maido da ita da rubutaccen bayani, domin asibitin mazaɓa ya ci gaba da duba jininta, ya kuma fara wa jariri rigakafi. Idan ba ta dawo ba, ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, irin waɗanda shirin CHIPS ya tanada tun 2018, za ta bi ta gida.

Kowane mataki a nan yana da rai a cikinsa. Binciken 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, yara 132 kuma cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar. Zubar jini da jijjiga na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu haihuwa, kuma sau da yawa jinkiri tsakanin asibiti da asibiti ne ke ba su dama.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce lissafin mazaɓa. Ƙa'idar NPHCDA ta ɗauka cewa asibitin mazaɓa zai kula da mutum 10,000 zuwa 20,000. A ƙidayar 2006, Kaduna ta Kudu na da mutum sama da 400,000 a mazaɓu 13, wato kusan 31,000 a kowace mazaɓa, kuma shekarun da suka biyo baya ƙari suka kawo. Asibiti ɗaya a kowace mazaɓa adalci ne a taswirar siyasa, amma a Sabon Tasha ko Television yana nufin dogon layi. Ba za a iya ba kowa asibitin gida a kudancin birnin ba sai an jawo asibitocin kuɗi da na mishan cikin tsarin, su kuma ba sa shiga sai farashin ya biya su kuma kuɗin na zuwa a kan kari.

Ta biyu ita ce ma'aikata. Yawancin asibitocin mazaɓu a Najeriya ba likita ke riƙe da su ba, jami'an lafiyar al'umma ne da ma'aikatan jinya da ungozomomi. Manufar raba ayyuka ta 2014 ta ba su damar yin wasu ayyukan da a da sai likita. Sai dai asibiti ba zai yi aiki awa 24 da ungozoma ɗaya ba, ga kuma guguwar ficewar likitoci da ma'aikatan jinya zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada.

Ta uku ita ce magani. Ranar da mai katin inshora ya ji an ce babu, je ka saya a waje, ranar ce imaninsa da tsarin ke karyewa, kuma da wuya ya sabunta rajista. Tashin farashin magunguna bayan faɗuwar darajar naira tun 2023 ya sa kuɗin kai na jiya ba ya sayen abin da yake saya.

Ta huɗu ita ce bayanai. Mai ɗauke da cutar HIV na da katinsa daban, mai tarin fuka daban, mai awon ciki daban, mai zuwa asibitin Barnawa daban, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne. Takardar turawa kan tafi, amma amsarta ba ta cika dawowa ba. Muddin fayil na cikin kabad ɗin asibiti guda, majinyaci ne da kansa zai zama ɗan aike tsakanin likitocinsa.

Ta biyar ita ce shigar da masu sana'ar kansu. Cire kuɗi daga albashi abu ne mai sauƙi. Shawo kan mai sayar da tumatir ta biya kuɗin shekara tun ba ta yi ciwo ba, shi ne jan aiki. Waɗanda suka fi saurin shiga su ne masu ciwo a jiki, hakan kuma na sa asusu ya yi nauyi. Ga kuma batun girman iyali: tsarin ma'aikatan tarayya ya tsaya a kan ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, alhali gidaje da yawa a Kaduna na ɗauke da iyaye da marayu da 'yan'uwan da rikici ya koro. Har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita.

Darasi daga wasu ƙasashe

Suna kaɗai ba ya warkarwa. Wani nazari da aka wallafa a mujallar likitocin Amurka ta JAMA a 2014, kan gwajin asibitin gida a kudu maso gabashin jihar Pennsylvania, ya gano cewa cikin ma'aunan inganci 11, ɗaya ne kawai ya inganta a shekara uku, kuma kuɗin jinya bai ragu ba. Ghana, wadda ta kafa inshorar ƙasa a 2003, ta gwada biyan kuɗin kai a yankin Ashanti daga 2012, amma asibitoci suka yi ta ƙorafin cewa kuɗin ya yi kaɗan, har aka dakatar da gwajin a 2017.

Inda abin ya yi tasiri, akwai dalili. Brazil ta fara shirin lafiyar iyali a 1994, inda ake ɗora wa tawaga ɗaya, mai likita da ma'aikacin jinya da ma'aikatan unguwa, nauyin mutum dubu uku zuwa huɗu da aka san gidajensu. Thailand kuwa ta shimfiɗa inshora ga kowa a 2002, ta biya mafi yawan kuɗin daga haraji, ba ta jira talaka ya kawo da kansa ba. Darasin biyu ne: a san mutanen da ke wuyan kowane asibiti da sunayensu, kuma gwamnati ta biya wa wanda ba zai iya ba.

Ma'aunin da za a riƙe

Jihar Kaduna ta sha ware wa lafiya kusan kashi 15 cikin 100 na kasafinta, daidai da alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001. Amma warewa daban, sakin kuɗi daban. Fenti da sabon rufi su ne ake gani a hoto, alhali abubuwan da ke nuna ko tsarin na aiki ba su da kyan ɗauka a kyamara.

Akwai tambayoyin da duk mazaunin Makera ko Unguwar Romi ko Kamazou ke da haƙƙin yi wa kansila da ɗan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma. Mutum nawa ne suka yi rajista da asibitin mazaɓar nan, kuma nawa ne gwamnati ke biya wa? Ta yaya aka zaɓo su? Yaushe kuɗin kai ya shigo na ƙarshe? Nawa ne ya shiga asusun asibiti a zangon da ya wuce, me aka saya da shi? Su wane ne 'yan kwamitin mazaɓa, yaushe suka zauna? Ungozoma nawa ke kwana? Cikin waɗanda aka tura babban asibiti a watan jiya, nawa ne bayaninsu ya dawo? Idan mai naƙuda ta rikice da ƙarfe biyun dare, wace mota za ta ɗauke ta, wa zai biya?

Amsoshin waɗannan tambayoyi na cikin rajistar asibiti da takardun banki da rahoton aiwatar da kasafi da jihar ke fitarwa duk wata uku. Kujerun kwamitin mazaɓa kuma ba a keɓe su ga dattawa kaɗai ba, an tanadi gurbin mata da matasa. Unguwar da matasanta suka san ranar zaman kwamiti, suka kuma san adadin da ya shigo asusu, ta fi kusa da samun asibitin da zai san sunan majinyacinsa kafin ciwo ya kai shi haye gada.